Hannun Hanyar da Kawu Ya Koya Mana

Ranar da muka binne Kawu, wan mahaifiyata, ba a yi kuka sosai a ƙauyenmu ba, kuma ba zan yi wa mamaci ƙarya in ce an yi ba. An kafa rumfa a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, ana ta zagayawa da shayi. Duk wanda ya iso sai ya ɗaga tafukansa ya ce "Al-Fatiha," mu miƙe mu ɗaga namu, sannan ya nemi wuri ya zauna. Kafin azahar zaman makoki ya koma wurin nuna tabon dukan mamacin. Wani dattijo mai sayar da gawayi ya naɗe hannun riga ya nuna dogon zane a dantsensa. Na kusa da shi ya ce wannan ai wasan yara ne, ya juyo mana da ƙeyarsa. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, liman ya yi gyaran murya, aka yi tsit, can kuma wani ya fara naɗe ƙafar wando.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan danga ta ce, "Allah shi jiƙan shi, amma wallai hanya ta huta."

Ƙaramin Kawu, ƙanensa ciki ɗaya, ya zo a makare. Da ya ɗaga hannu zai yi Fatiha, na dama kaɗai ya tashi sosai, na hagu ya tsaya a karkace yadda ya ɗoru, kuma kowa a rumfar ya san wanda ya karya shi. Bai sha shayi ba. Da zai tafi ya dube ni, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Yau mun bizne wanda yas saida jinin ɗanai don tsoron hukuma." Wasu ma har da gyaɗa kai.

Maganar nan ta ƙona min rai, ita ce kuma ta zaunar da ni rubutu. Kawu mafaɗaci ne, ya dake ni fiye da yadda ubana ya taɓa duka na, amma tsoro ba ya cikin laifuffukansa. Ina wurin a ranar da Ƙaramin Kawu ke magana a kai, kuma ba haka aka yi ba.

Ƙauyenmu na kudu da Sinnar. Kakanninmu sun yada zango a nan kan hanyarsu ta Makka, noman auduga ya riƙe su. Hanyar mota ɗaya ce ta ratsa mu, tana bin kan gaɓar tur'a, wato babban magudanin da ke kai ruwa gonaki. Ruwa a gefe guda, rami a ɗaya gefen. Kan wannan 'yar siririyar gaɓa kowa ke bi: lorin auduga, lorin da ke zuwa Damazin, masu jakai, mata da itace a ka, da masu keke. Direba na ganin mai keke ƙuda ne, mai keke na ganin mai ƙafa tunkiya ce, mai ƙafa kuma na cewa ai kakansa ya riga mota zuwa wurin.

Ina goye a bayan mahaifiyata lori ya take Kaka, uwarsu Kawu. Tana dawowa daga kasuwar Sinnar da tasar soyayyiyar gyaɗa a ka. An ce shawish na 'yan sanda ya zo ya dubi gawar, ya dubi direban, ya ce da Larabci Takari ba su san kanun ba, akuya ta fi su sanin gefen hanya. Takari shi ne sunan da suke kiran mu, kanun kuwa doka. Direba ya hau motarsa ya wuce tun ba a gama tsince gyaɗar daga ƙasa ba. A gaban gawar uwarsa Kawu ya rantse ba wani nasa da zai sake mutuwa a hanya a ce bai san doka ba.

Sai ya bar hawasharsa, gonar audugar da aka ba shi, a hannun ƙanensa, ya tafi Sinnar. Ya yi rani guda zaune a bakin madatsar ruwa, inda motoci da jirgin ƙasa da mutane ke cunkusuwa kan hanya ɗaya, yana kallon ɗan sandan da ke ba da hannu. Mutane suka ce baƙin ciki ya taɓa masa kai. Da ya dawo ya zo da tsohon keke, da bulalar dorina, da kalma ɗaya tak: hauni, kamar yadda mutanenmu ke ce wa hagu. A lokacin dokar ƙasar nan ta hagu ce. Ya kafa wurin gyaran keke a gindin gawon da ke bakin ƙauye, ya naɗa kansa hakimin hanya ba tare da wani ya ɗaura masa rawani ba.

Daga nan muka shiga uku. Tun daga nesa za ka ji shi: "Hauni, ɗan nema! Hauni!" In ka taho a keke ta tsakiyar hanya, bulala ce za ta yi maka sallama. In kun hau ku uku, ko kana birki da diddige, ba ya ɓata bakinsa, sanda zai zura cikin wayoyin ƙafar keken ku yi sama ku dawo. Na taɓa barin fatar gwiwata a gindin gawon nan. Da na gama kuka ya ja keken ya miƙe wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya sa min sabon birki, bai karɓi komai ba, ya ƙara min rankwashi na raka ni gida.

Masu ƙafa ma ba su tsira ba. Mata sun saba jeruwa su cika hanya suna hira, shi kuwa ya ce sai dai layi ɗaya, can baki-baki. Wata rana mahaifiyata, ƙanwarsa, ta taho da ƙunshin itace ta tsakiya. Ya tashi ya fizge ƙunshin ya wurga cikin tur'a.

Ta ce, "Haba Yaya! Ni hwa ba mota ce ba!"

Ya ce, "Innarmu ma ba mota ce ba."

Ta daɗe ba ta gaishe shi ba, amma ba ta ƙara bin tsakiyar hanya ba.

Da direbobi kuwa yaƙi ne tsirara. Duk lorin da ya shigo ƙauye a guje sai ya sha dutse, kuma Kawu ba ya kuskure fitila. Akwai wani direba da ya matse wani mai keke har ya faɗa ruwa, ya leƙo yana dariya ya ce "Malesh!", wato a yi haƙuri da Larabci, ya wuce. Kawu ya bi shi a keke har Sinnar, ya iske shi a layin motocin da ke jiran a buɗe madatsa. Ya fizgo shi ta taga ya yi ta haɗa masa kai da ƙofar motarsa sai da fuskar ta zama jina-jina. Sauran direbobi suka taso masa da ƙarafunan tayar da inji, suka yi masa dukan kawo wuƙa. Ya bar haƙoransa na gaba a can, ya kuma yi zaman kurkuku. Da ya fito, abin da ya fara tambaya shi ne wa ya bi tsakiyar hanya a bayansa.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne 'yan sanda. Su tare ɗan ƙauyenmu da rana tsaka su ce ina fitilarsa, su sace masa iskar taya, su sa shi ya ɗauki keken a ka. A gabansu lori marar birki zai wuce, yaron mota ya sauke musu kankana, su ɗaga masa hannu. Kawu kan tofar da yawu ya ce, "Kanun nasu ƙaramin icce kaɗai shika sara. To ku riƙe shi ku fi su, don ƙarfe bai san malesh ba."

Kada a ce mugunta kaɗai na sani. Wani ɗan kudu mai tsinkar auduga, ba yarenmu ba addininmu, mota ta buge shi aka bar shi a rami, kowa na tsoron taɓa shi kada bolis, wato 'yan sanda, su ɗora masa laifi. Kawu ya ɗora shi a kan keke, ya tura da ƙafa har asibitin Sinnar, jini na bin rigarsa. Da aka sallame shi ya kawo shi zaurensa, yana ba shi kunu a baki har ya miƙe. Da mutumin ya warke zai tafi, Kawu ya raka shi bakin hanya, ya kama kunnensa ya nuna masa gefen da zai bi.

Ɗa ɗaya Allah ya bar masa, sa'ana, taubashina, wanda na fi tsokana a duniya. A kansa Kawu ya juye duk tsoron da ke cikinsa. Mu ana dukan mu in mun yi laifi, shi kuwa ana horar da shi ko bai yi ba. Kawu kan ɓuya a bayan gaɓa da garwa da sanda, ya bari sai yaron ya taho a keke ba ya tsammani, ya maka wa garwar sanda da ƙarfi. In ya kauce hagu nan take, ya tsira. In ya yi jinkiri ko ya waiga, bulala. Uwarsa kan fito tana kuka tana cewa zai kashe mata ɗa. Kawu ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yakan ce masa, "Kada ka yi tunani. Mai tunani shi aka takewa. Ka ji ƙara, jikinka shi tahi hauni tun kanka bai sani ba."

Ya kuwa tanƙwaru. Muna samari, in muna tafiya a ƙafa na tafa hannu a bayansa, sai ka ga ya zabura hagu ya faɗa cikin ƙaya. Na sha yi masa haka a gaban 'yan mata ina ce masa jakin Kawu, shi kuma ya bi ni da gudu. A duk yankin nan ba mai tuƙa keke da tsabta irin tasa, kuma Kawu na alfahari da shi, ko da yake bai taɓa faɗa a gabansa ba.

Ana nan sai wata damina rediyo ya ce hukuma ta sauya hannun hanya, daga yanzu kowa dama zai bi. Da farko mun ɗauka raha ce. Kawu ya keta laka ya tafi Sinnar ya tambayi 'yan sanda wane mahaukaci ne ya yanke wannan, suka mare shi suka koro shi. Ya dawo ya shige ɗaki, ko gindin gawo bai leƙa ba. Da ya fito sai ga shi da bulalarsa, idonsa jawur, yana ihu: "Dama! Dama!"

Nan ƙauye ya rikice. Waɗanda ya zane shekara da shekaru saboda hagu suka ce ba su san zancen ba. Wani magidanci ya tsaya a gabansa ya ce, "Jiya ka doke ni don hauni, yau kuma don dama? Gobe sai ka ce mu bi ta sama!" Suka kama kokawa har cikin tur'a. Masu jakai suka ƙi sauyawa, masu keke suka rabu biyu, kullum sai an yi karo an fasa baki. Duk da haka bai ja da baya ba. Ya ce doka ce, ko ta mahaukaci ce, kuma ba za a ce ba mu sani ba. Yara ƙanana suka koya nan da nan. Waɗanda suka fi shan wuya su ne waɗanda ya fi horarwa.

Damina ta hana motoci shigowa, saboda haka ba mu gwada sabuwar dokar da ƙarfe ba sai da hanya ta bushe. Wata safiya ni da taubashina muka hau kekuna za mu Sinnar aikin dako, yana gaba ina biye. Muna kan dama, ruwa na gefenmu, yadda Kawu ya ce. Sai ga lori ya ɗauko siminti za shi Damazin, ya ɓullo daga bayan wata 'yar gada a guje. Yana kan nasa hannun, akwai fili tsakaninmu da shi. Da direban ya gan mu sai ya danna oda mai ƙarfi. Ban ga taubashina ya waiga ba, ban ga ya yi jinkiri ba. Jikinsa ya tafi hagu.

Ba zan faɗi abin da tayar ta yi masa ba. Na ji ƙarar, har yau ina jin ta.

Direbobi na da ƙa'idarsu: in ka take mutum a ƙauye kada ka tsaya sai gaban bolis. Wannan ma ya so gudu, amma birkin da ya taka ya jefa motar cikin rami. Ya fito ya ruga cikin auduga. Masu aiki a gonaki suka yi masa ƙawanya da fartanyoyi, suka jawo shi ta ƙafa har kan hanya. Saurayi ne, bai girme mu ba. Kafin ka ce kwabo sun yage masa kunne, sun fasa masa goshi, mata na jifan sa da busasshiyar laka. Yana ta rantsuwa da Larabci cewa yana kan damansa, ba mai sauraro. Ƙaramin Kawu ne a gaba, ya riga ya sa an zuƙo mai daga tankin motar an watsa wa direban, yana kiran a kawo ashana.

Sai aka ce ga Kawu nan. Taron ya dare masa hanya, har wasu na murna, don kowa ya san tsakaninsa da direbobi. Ƙaramin Kawu ya miƙa masa ƙotar fartanya ya ce, "Yaya, naka ne. Kai za ka hwara."

Ya karɓa. Bai ko dubi direban ba, ya wuce wurin ɗansa, ya kwance rawaninsa ya rufe shi. Sannan ya zo inda nake durƙushe, ya ɗago ni da wuyan riga.

"Kana bayanai?"

Na ce, "Ina baya, Kawu."

"Wane hannu kunka bi?"

"Dama, Kawu. Sabon hannu."

"Motar hwa?"

"Tana kan nata."

"To mi yak kai shi ƙarƙashinta?"

Ya zabga min marin da sai da na ga wuta. Ya ce, "Da ta yi oda, ta ina yak kauce?"

Na ce, "Hauni, Kawu."

Ya sake ni. Sai ya juya ya taka har inda direban yake kwance, ya tsallake shi ya tsaya a kansa, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ya fuskanci mutanenmu. Ya ce duk wanda ya matso sai ya kwanta. Suka ɗauka ba su ji daidai ba. Wani ya matso, Kawu ya fasa masa kai. Wani ya kawo sara da fartanya, ya kauce ya zuba masa ƙota a haƙarƙari. Ƙaramin Kawu ya ƙyasta ashana yana ihu, "Ɗanka na, Yaya! Ɗanka na kwance can!" Kawu ya sauke masa ƙotar a hannu, muka ji ƙashin ya ce ƙaras, ashanar ta faɗi ƙasa ta mutu. Aka yi ta jifan sa shi ma, dutse ya tsaga masa gira, jini ya rufe masa ido ɗaya, bai gusa ba. Mutum ɗaya ya hana ƙauye guda, har suka gaji suka koma gefe suna tsine masa.

Na yi ta gaya wa mutane abin da na gani, a ranar da bayanta. Suka ce hagu ko dama jini jini ne, kuma an taɓa ɗaure Kawu, shi ya sa ya ji tsoron a sake. A kan haka suka tsaya har yau. Matarsa ta koma gidan 'yan'uwanta, ƙanensa bai ƙara taka zaurensa ba. Ya ci gaba da gyaran keke a gindin gawo, amma ko ka bi ta tsakiyar hanya ku huɗu a kan keke ɗaya ba zai ɗago kai ba. Mu da muka yi shekaru muna addu'ar ya yi shiru, da ya yi shirun sai muka rasa inda za mu sa kanmu. Ni dai na yi kewar zagin nan nasa ƙwarai.

Ga abin da ya faru da la'asar ɗin ranar, wanda mutane kaɗan suka gani don yawanci sun bi gawa gida. Kawu bai bi ba, yana zaune a ƙasa direban na kwance a bayansa, har motar 'yan sanda ta iso. Shawish ɗin dattijo ne, ya san Kawu tun zamanin kurkuku. Ya dubi sawun taya, ya dubi keken da ya lanƙwashe, ya tambaye ni na faɗa masa. Ina jin so ya yi ya sanyaya wa Kawu rai. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Malesh ya Hajj. Kanun sabo ne, mutanen ƙauye ba su san shi ba tukuna."

Kawu ya ture hannun, ya miƙe da ƙyar. Ya ce, "Kada ka ƙara hwaɗin haka. Ya san kanun. Tsoho da sabo duk ya sani, ya fi ka sani. Kan damanai shike. Abin da yak kai shi ƙarƙashin mota, ni nis sa mishi shi cikin jiki, da bulala, tun shina ƙarami."

Shawish ya ce, "To ya Hajj, in direba ba shi da laifi, yaro ba shi da laifi, wa zan kama?"

Kawu ya jefar da ƙotar, ya haɗa hannayensa biyu ya miƙa masa.

Shawish ya dubi hannayen, ya kawar da kai. Ya sa aka ɗauki direban aka saka a mota, ya shiga gaba, suka juya suka nufi Sinnar. Kawu na tsaye a tsakiyar hanya, inda bai taɓa yarda kowa ya tsaya ba, hannayensa a miƙe, har motar ta ɓace. Ni na je na sauke masa su, na ja shi muka tafi wankan gawa.

Wannan shi ne mutumin da aka ce ya ji tsoron hukuma. Ya Allah, Kawu ya miƙa hannu a duniya ba wanda ya karɓa. Ga shi nan ya iso gare Ka, Ka kama shi da rahama.